Wa ya ce a ɗinka wa leburan kuza kaftani?

A makon da ya gabata, a wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu a nan Bauchi, wani ɗan'uwa ya ɗora hotuna biyu a jere, yana jiran a yaba masa. Na farkon tsohon hoto ne mai launin baƙi da fari, daga cikin waɗanda aka ɗauka a filayen haƙar kuza na tsaunukan Jos a zamanin Turawa. Leburori ne a layi suna haurowa daga rami, kowanne da kwanon sarki cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa a kansa. Wanda yake gaba wuyansa ya nutse cikin kafaɗu saboda nauyi, ya tallafe gefen kwanon da hannu ɗaya, ƙafafunsa sun yi dumu-dumu da taɓo har gwiwa, kuma mai kallo zai iya ƙirga haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Babu riga a jikinsa, sai ɗan gajeren wando da ya sha faci. Hoto na biyu shi ne dai wannan hoton, bayan an bi ta kansa da manhajar ƙirƙirarriyar basira. An ba shi launi, an wanke taɓon, an cike ramin kumatu, an ɗinka wa kowane lebura farin kaftani da hula har da takalmi sau-ciki, kwanon sarkin kuma ya koma yana ƙyalli kamar tiren kai gara. Mutumin nan na gaba, wanda ya cije haƙora a hoton asali, yanzu murmushi yake yi.

Kafin la'asar yabo ya cika zauren. Abin da yawancin masu magana suka tsaya a kai shi ne wai an dawo wa kakanninmu da mutuncinsu, wai hoton asali Turawa ne suka ɗauke shi domin su nuna wa duniya mu bayi ne marasa sutura, saboda haka ya kamata a daina yaɗa irinsa gaba ɗaya. Wani da ya yi karatu mai zurfi, wanda na zaci zai tsawatar, shi ne ma ya ƙara da cewa bai kamata 'ya'yanmu su tashi suna ganin kakanninsu a wannan hali ba. Duk mai bin Facebook da TikTok a 'yan watannin nan ya san abin bai tsaya a zaurenmu ba. An yi wa masu lodin buhunan gyaɗa na Kano irin wannan kwalliya, an yi wa masu shimfiɗa layin dogo, an yi wa mata masu daka a tsakar gida, har ta kai tsohuwar Arewa da ake nuna mana yanzu ta zama ƙasar da ba a taɓa yin gumi a cikinta ba.

Ni a ganina wannan garin neman gira ne za a rasa ido, kuma kafin a ce na tsananta, ya kamata mu tuna ko su wane ne mutanen da ke cikin hoton. Har zuwa 1926 tsaunukan Jos a cikin Lardin Bauchi suke, shi ya sa ƙaramin layin dogon da aka ja daga Zariya zuwa Bukuru, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957, ya ci sunan Bauchi alhali bai taɓa shigowa garin nan ba. Kafin wannan layi, a kan 'yan dako ake ɗora kuza su yi kwanaki suna tafiya da ita a ƙasa har zuwa Loko a bakin Binuwai. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙar kuzarta a tsakiyar yaƙi, sai gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan manoman Arewa da aikin tilas, wanda talakawa suka laƙaba wa suna diban gwamna. Ta hannun En'e aka yi shi: umarni ya sauko daga razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, kowane gari aka yanka masa adadin mazajen da zai bayar. Tsakanin 1942 da 1944 kimanin mutum 100,000 aka kwasa ta wannan hanya. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarmu aka kai su kan tudu mai tsananin sanyi, ba bargon kirki, ba isasshen abinci, suna wuni a cikin ruwa da taɓo, cututtuka suka kama su, da yawa ba su koma gida ba. Sai da maganar ta kai majalisar dokokin Ingila kafin a dakatar da shirin.

Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je diban gwamna. Idan ya cire hula domin alwala, akan ga wani fili a tsakiyar kansa inda gashi ya ƙi fitowa, daidai wurin zaman gammo, tafin hannunsa kuma ya yi kanta har ba ya jin zafin garwashi idan ya ɗauka zai kunna taba. Bai cika maganar Turawa ba. Abin da ya fi maimaitawa shi ne sanyi, da kuma sunan dagacin da ya nuna shi da sanda a gaban mahaifiyarsa. Wannan tsoho ya rasu tun tuni, babu wanda ya rubuta labarinsa, kuma abin da ya rage da zai tsaya masa shaida shi ne irin hoton nan na mutum mai ƙirgaggun haƙarƙari. Wanda ya sa wa hoton kaftani ya wanke kamfanonin kuza, ya wanke razdan, ya kuma wanke dagacin, domin mutumin da ke murmushi cikin farin yadi ba shi da wanda zai kai ƙara. Har nakan yi zargin cewa wasu masu ɗokin a ɓoye hotunan nan ba Bature ne damuwarsu ba, sandar da ta yi nunin ce, domin a wasu gidajenmu har yau tana jingine a zaure.

Babbar hujjar masu kwalliya ita ce niyyar mai ɗaukar hoton ba ta da kyau. Na yarda da haka a mafi yawan lokuta. Ma'aikacin kamfani ko jami'in gwamnati da ya saita kyamara a bakin rami yana so ne ya nuna wa masu hannun jari a Landan cewa aiki na tafiya kuma ƙwadago na da araha. To amma tarihin zane da hoto cike yake da ayyukan da suka kuɓuce wa niyyar masu su. A Masar, a kabarin wani gwamna mai suna Djehutihotep wanda ya rayu kusan shekara 4,000 da suka wuce, an zana mutum 172 suna jan wani ƙaton gunkinsa da igiyoyi a kan katako, ga kuma wani mutum tsaye a gaban katakon yana tsiyaya ruwa a ƙasa. Domin a ɗaukaka gwamnan aka yi zanen. Yau babu wanda ya damu da gwamnan sai ƙwararrun masana, amma mai tsiyaya ruwan nan ya sa masu bincike a Jami'ar Amsterdam suka yi gwaji a 2014, suka gano cewa idan aka jiƙa yashi daidai gwargwado, ƙarfin da ake buƙata wajen jan kaya a kansa yana raguwa da kusan rabi. Da an sami wani mai kishin mutuncin Misirawa ya kankare leburorin ya bar gunkin, da an rasa wannan ilimi, da an kuma rasa shaidar cewa hannun mutane ne ya ɗaga abubuwan da ake zuwa kallo a can.

Ƙyamar ganin wahala a jikin bango ba a kanmu aka fara ta ba, kuma yana da kyau mu san sahun da muka shiga. A 1849 wani mai zane a Faransa, Gustave Courbet, ya zana mutum biyu masu fasa dutse a bakin hanya: tsoho ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ya ɗaga guduma, saurayi kuma yana ta kiciniyar ɗaga kwandon tsakuwa, rigarsa a yage, kuma duk su biyun ba a ganin fuskarsu sosai. Abin da ya harzuƙa manyan Paris shi ne ya yi zanen da girma irin wanda aka saba keɓe wa sarakuna da fagen yaƙi, kamar dai a ce yau an cire hoton gwamna daga zauren taro an rataya na ɗan garuwa. A 1857 Jean-François Millet ya zana mata uku sun duƙa suna kala a gonar da aka gama girbe, can nesa ga tarin dammuna kamar tsauni, ga wakilin mai gona a kan doki yana duba ma'aikata. Duk wanda ya taɓa ganin mata da yara suna kalar gyaɗa ko ta wake a gonakin Alƙaleri ko Darazo zai gane wannan duƙawa ba tare da an yi masa bayani ba, har ciwon ƙugun zai ji. Masu hannu da shuni na wancan zamani, waɗanda juyin juya halin 1848 bai gama fita daga ransu ba, sun ga zanen a matsayin tsokana da tunzura talaka. A Rasha kuma Ilya Repin ya kammala zanen mutum 11 a 1873, an ɗaura musu maɗauri a ƙirji suna jan jirgin ruwa a gaɓar kogin Volga kamar shanun huɗa, can a ƙurya ga hayaƙin jirgi mai inji wanda zai iya yin aikin, sai dai mutum ya fi shi araha. Waɗannan zane-zane uku su ne yau ƙasashensu ke taƙama da su. Na Courbet ma ya ƙone a 1945 lokacin da aka yi wa yankin Dresden na Jamus ruwan bama-bamai, kuma abin da ya sa har yanzu ake koyar da shi shi ne akwai waɗanda suka ɗauki hotonsa yadda yake, ba su gyara masa komai ba.

Da kyamara ta zo, aikin ya wuce na tsokana ya zama na shaida. A 1904 Alice Seeley Harris ta ɗauki hoton wani mutumin Kwango mai suna Nsala yana zaune yana kallon guntun hannu da ƙafar 'yarsa, waɗanda masu tilasta tara roba suka yanke. Babu hoton da ya kai wannan muni, kuma irinsa ne aka yi ta nunawa a majami'u da zaurukan taro na Ingila da Amurka har matsin lamba ya sa aka karɓe Kwango daga hannun Sarki Leopold na Beljiyam a 1908. A Amurka Lewis Hine ya fara zagaya masaƙu da mahaƙan kwal daga 1908, yana shiga da dabara, yana ɗaukar yara ƙanana a gaban injuna, yana rubuta shekarunsu da tsawonsu a ɓoye, kuma hotunansa na cikin abubuwan da suka share fagen dokar 1938 da ta taƙaita sa yara aiki a ƙasar. A Afirka ta Kudu Ernest Cole, baƙar fata, ya riƙa ɓoye kyamararsa yana shiga mahaƙan zinariya, har ya ɗauki layin mazaje tsirara sun ɗaga hannuwa sama ana duba lafiyarsu kamar dabbobin da za a saya. Ya gudu da hotunan, aka buga su a littafi a 1967, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta littafin nan take. A lura da wanda ya haramta. Ba iyalan mahaƙan ne suka ce a ɓoye tsiraicin 'yan'uwansu ba, gwamnatin da ta tuɓe su ce, kuma da manhajar ɗinka kaftani ta wanzu a lokacin, da ma'aikatar yaɗa labaranta ce za ta fara sayen ta.

Akwai ƙorafi na gaskiya a kan irin waɗannan hotuna, amma ba shi ne wanda 'yan zaurenmu suka kawo ba. Matar da Dorothea Lange ta ɗauka a 1936 a California, ta tallafe haɓa 'ya'yanta sun ɓoye fuska a kafaɗunta, hotonta ya zagaya duniya shekara 40 ba a san sunanta ba, sai a 1978 aka gano Florence Owens Thompson ce, kuma ta koka cewa ko sisi ba ta samu ba. Margaret Bourke-White ta ɗauki mahaƙan zinariya biyu a ƙarƙashin ƙasa a Johannesburg a 1950, gumi na kwarara a ƙirjinsu, kuma har yau da lambobin aikinsu ake kiran hoton, 1139 da 5122. Sebastião Salgado, wanda ya rasu a 2025, ya sha suka kan hotunan da ya ɗauka a 1986 a ramin zinariya na Serra Pelada a Birazil, inda dubban mutane ke hawan tsani da buhunan ƙasa a wuya kamar tururuwa. An ce ya mayar da wahala abin ado, ya kuma bar masu wahalar ba suna. Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. To amma duk wanda ya fahimci wannan ƙorafi zai ga cewa abin da aka tauye wa lebura shi ne sunansa da garinsu da labarinsa da haƙƙinsa. Maganin rashin suna shi ne a nemo sunan. Manhajar nan kuwa ba ta ƙara wa mutumin gaban layi suna ba, sai ma ta ƙwace masa fuskar da ta rage masa, ta liƙa masa ta wani wanda ba a taɓa haifa ba.

Wanda ya kawo batun hukuncin hoto a addini, sai ya fara bayyana mana yadda hoton da ya haramta da gajeren wando ya halatta bayan an sa masa kaftani. Masu cewa yara za su ji ƙasƙanci kuma ba su taɓa zama da yaro sun ba shi labarin ba. Ko a duniyar Musulmi, fitaccen mai zanen Herat, Kamaluddin Behzad, ya zana ginin fadar Khawarnaq wajen 1494, kuma bai damu da nuna sarkin da ya sa a yi ginin ba: magina ne kawai a ciki, wasu na kwaɓa ƙasa, wasu na hawan tsani da kaya a kafaɗa, wasu na miƙa tubali, kamar dai ka tsaya a gaban wani gini da ake ɗorawa a unguwar Fadaman Mada a nan Bauchi.

Abin da nake ganin yana ƙarƙashin wannan kwalliya duka shi ne raina aikin ƙarfi, kuma wannan cuta tamu ce, ba Bature ya ɗauke ta a hoto ba. Mu ne muke tsorata yaro da cewa idan bai yi karatu ba zai ƙare a leburanci. Mu ne muke kiran ɗan dako da "kai" ko da ya haife mu, mu yi cinikin ladansa kamar za mu sayi albasa. A shiga kowace sakatariya ko otal ko ofishin ƙaramar hukuma a Bauchi da Gombe a dubi bango: sarki a kan doki ranar hawan sallah, gwamna da almakashi yana yanke ƙyalle, tsofaffin shugabanni a jere. Mun san Malam Yakubu ne ya kafa garin nan ya kewaye shi da ganuwa, muna iya lissafa Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Nassarawa da sauransu, muna kai baƙi Kafin Madaki su ga ginin fitaccen magini Babban Gwani, amma ba ma ko tambayar mutum nawa suka ɗebo ƙasar, su wa suka kwaɓa, su wa suka jera tubalin. A ce wancan zamani babu kyamara. To layin dogon da aka fara a 1958, ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 fa? Da diga da shebur da kwanon sarki aka yi yawancinsa, a zamanin da kyamara ta riga ta zama ruwan dare, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi aikin suna raye har kwanan nan a unguwannin da ke kusa da tasha. A Gombe akwai unguwa sukutum da ta ci sunan kamfanin gurzar auduga, BCGA, amma ban taɓa ganin hoton mai ɗaukar dilar auduga a bangon wani ofishi a garin ba. Mutanen Inugu sun kafa gumakan tunawa da mahaƙan kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Mu da aka kwashe mana mutum dubu ɗari, ko allo ba mu kafa ba.

Ko kuɗin da ke aljihunmu yana ba da wannan labari. Takardar naira ɗaya ta 1973 tana ɗauke da mazaje suna dakon buhunan gyaɗa. Takardar naira 200 ta yanzu tana ɗauke da dalar buhuna da shanu da kayan gona a bayanta, babu mutum ko ɗaya a cikin zanen, kamar buhunan ne suka hau kan junansu. Waɗanda suka rage da alamar aiki a jikinsu, irin su matan Fulani masu ɗauke da ƙwarya a bayan naira 10 da Ladi Kwali tana ginin tukunya a bayan naira 20, suna kan takardun da yau ko almajiri ba ya murna da su. Haka muke yi da dalar gyaɗa ta Kano a jawabai: kowane ɗan siyasa yana kukan ɓacewarta, ana nuna hotonta daga nesa tana tsaye kamar dutse, ba a cika nuna mutumin da ya hau ta da buhu a ƙeya yana taka buhunan da ke ƙasa har ya kai ƙololuwa ba.

Abin haushin shi ne Bahaushen da ya gabace mu ba ya jin wannan kunya. Shi bai adana wahalarsa a zane ba, a sauti ya adana ta. Gangar noma da ake bi da ita a bayan masu gayya, luguden taɓarya da mata ke yi suna tafi a tsakani, waƙar niƙa da ake rerawa a kan dutse tun asuba, kirarin maƙera da na mahauta da na masunta, dukansu hotunan jiki ne a lokacin da yake aiki, kuma babu wanda ya tsaftace su. Makaɗin noma yana yabon gwarzonsa da kaushin ƙafa da ƙurar da ta rufe masa gira da zufar da ta jiƙa warki. Noma da kansa kirarinsa na duƙe tsohon ciniki, wato da duƙawar ake masa take. Sarautar Sarkin Noma ba a gadonta a kan tabarma, sai an ga damin da mutum ya tara. Saboda haka idan wani ya ce wai al'adarmu ce ta hana a nuna kakanninmu cikin gumi, sai in tambaye shi wace al'adar, domin wadda na sani tana yi wa gumi kiɗa. Kunyar nan sabuwa ce, tare da biro da kujerar ofis ta zo, kuma yawancin masu jin ta jikokin masu gammon ne, waɗanda da ladan dakon aka biya musu kuɗin makaranta.

Ba na faɗa da wanda ya share tsaga ko tabon ruwa daga tsohon hoto, ko ya ƙara masa haske domin a ga abin da ke ciki. Wannan gyara ne. Amma wanda ya ƙara abin da babu, ya cire abin da ke akwai, sannan ya sake shi a intanet da rubutun "Jos, 1943" a ƙasa, ya yi shaidar zur, ko da da kyakkyawar niyya ya yi. Haɗarin kuma ya fi yadda ake zato, domin hoton kwalliya ya fi saurin yaɗuwa, shi ake turawa, shi ake adanawa, shi injunan bincike za su riƙa fitarwa a sama, kuma su kansu manhajojin daga abin da ya yi yawa a intanet suke koyo. Nan da shekara 10 ɗalibar tarihi a jami'ar Gaɗau ko ta Kashere za ta nemi hoton leburan kuza domin aikinta na kammala digiri, abin da zai fara fito mata shi ne mazaje masu ƙiba cikin shadda suna murmushi, ta karanta a littafi cewa mutane sun mutu da yunwa da sanyi a wurin, ta dubi hoton, ta ɗauka marubucin ne ya yi ƙari. Turawa a ƙalla sun bar mana haƙarƙarin mu ƙirga.

Abin yi ba shi da wuyar faɗa. Akwai hotuna da takardu a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna da gidan tarihi na Jos, akwai wasu a cikin adakar tsofaffi a gidajenmu, ya kamata jami'o'inmu su kwafe su yadda suke, su bi ƙauyuka da su tun ana samun masu gane fuska. Gwamnatocin jihohin Bauchi da Gombe su ware ko da bango ɗaya ne a wani wurin da jama'a ke shiga. Matasanmu masu kyamara kuma, waɗanda suka ƙware a ɗaukar biki da hawan sallah, su leƙa Tudun Hatsi a Gombe ko kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi da sassafe lokacin da ake sauke tirela, su nemi izini, su tambayi suna da gari, su rubuta, su kuma koma su ba mutumin kwafinsa.

A zauren namu dai na sake ɗora hoton asali shi kaɗai, na tambaya ko akwai wanda aka ɗebi wani nasa a diban gwamna. Mutum uku suka amsa a cikin dare, ɗaya ya ambaci kakansa daga wajen Ningi, ɗaya ya ce ƙanen kakarsa ya tafi bai dawo ba kuma har ta rasu ba ta yarda a raba gonarsa ba, na ukun ya ce zai tambayi mahaifinsa da safe. Shi kuwa hoton kaftani, washegari ya dawo mini ta wani zauren daban, da alamar nan ta WhatsApp a samansa mai nuna an tura shi sau da yawa, an kuma ƙara masa rubutu cewa haka Arewa take kafin a lalata ta.